Amsa ga 'yar uwar da za a yi wa aikin hanji saboda endometiriyosis

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce hoton MRI ya nuna endometiriyosis, wato cutar da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa, ta kama miki ƙarshen babban hanji, an sa ranar aiki nan da mako 6, kuma likita ya ce mai yiwuwa a yanke wani yanki. Kina tambayar yadda za ki shirya, da abin da zai biyo baya, da zancen jakar bayan gida da kika ce ya hana ki barci. Amsar na da tsawo, ki daure ki karanta a tsanake.

Idan da kyamara za a yi aikin, abin da za ki gani a cikinki huji ne huɗu ko biyar, mafi girmansu kamar santimita ɗaya, wani lokaci da ɗan yanka a ƙasan mara inda aka zaro guntun hanjin. Waɗannan kan haɗe cikin kwana goma zuwa mako biyu, kuma su ne ke yaudarar mutane, har 'yan uwa su fara cewa ai kin warke. Ainihin raunin yana can ciki, wato ɗinkin da aka yi wa hanji, wanda bayan gida zai bi ta kansa tun bai gama kamawa ba. Duk shirin da za ki yi da duk dokar da za a kafa miki, saboda wannan ɗinkin ne.

Kafin komai ki koma wurin likitan ki ji irin aikin da yake sa rai zai yi, domin iri uku ne, kuma jinyarsu ba ɗaya ba ce. Cutar nan daga waje take cin hanji tana nutsawa ciki, shi ya sa sau da yawa a duba cikin hanji da kyamara ta dubura a ce lafiya lau, alhali ƙullutun na nan a bangon. Idan bai nutsa sosai ba, kankare shi ake yi daga waje ba tare da an buɗe hanjin ba. Idan ya nutsa amma guda ɗaya ne kuma bai wuce kamar santimita 3 ba, sai a fafe wurin, a cire shi kamar faifai, a rufe ramin. Idan kuwa babba ne, ko suna da yawa a jere, ko ya matse hanyar bayan gida, to yanke wannan gaɓar ake yi gaba ɗaya a haɗa bakunan biyu, galibi da wata na'ura mai ɗinki da ƙananan ƙarafa da ake shigarwa ta dubura. Ƙarafan a nan suke zama, ba sa damun kowa. Likita na gaskiya zai gaya miki cewa hukuncin ƙarshe sai ya shiga ya gani, don haka takardar amincewa da za ki sa wa hannu ta ƙunshi dukkan ukun. Ki karanta ta tun a gida, ba a kan gadon da za a tura ki ɗakin tiyata ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: nisan ƙullutun daga bakin dubura santimita nawa ne? Gwargwadon kusancin ɗinkin da dubura, gwargwadon haɗarin ya yi yoyo, kuma gwargwadon yadda bayan gida zai rikice daga baya. Ta biyu: shin za a buɗe bangon farji a aikin? Cutar kan zauna tsakanin farji da dubura, kuma idan aka yi ɗinki biyu suna kallon juna, na hanji da na farji, suna iya haɗewa su buɗe hanya a tsakani. Ta uku: wa zai taɓa hanjin? A ra'ayina, kada ki yarda a yi wannan aiki sai da likitan tiyatar hanji tare da likitan mata a ɗakin, kuma waɗanda suka saba yin sa tare. Ki tambaya kai tsaye sau nawa suke yi a shekara, ba rashin kunya ba ne. A kuma duba ƙodarki kafin ranar, saboda cutar na iya shaƙe bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda ba tare da kin ji komai ba. Idan aka yi aiki kusa da shi, akan bar wata siririyar roba a ciki ta mako 4 zuwa 6, mai sa yawan jin fitsari da ɗan jini-jini. Ki rubuta ranar cire ta, kada a manta da ita.

To, zancen jaka. Mafi yawan matan da aka yi wa wannan aiki ba a sa musu. Inda ake sawa shi ne idan ɗinkin ya yi ƙasa sosai, ko an buɗe farji, ko an gwada ɗinkin da iska a ɗakin tiyata aka ga yana fitar da kumfa. Sai a fito da ƙaramin hanji ta gefen dama na ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, ɗinkin ya samu hutu ya warke. Kusan kullum ta wucin gadi ce, ana mayar da hanjin bayan kamar wata 2 zuwa 3, idan an yi hoto da ruwan gwaji aka tabbatar ɗinkin ya kama. Na san jin wannan ba daɗi, amma jakar da aka sa da shiri ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wadda aka sa cikin gaggawa bayan ɗinkin ya yi yoyo, bayan gida ya zube a cikin ciki. Idan akwai yiwuwar haka, ki nemi nas mai kula da jaka ta yi miki alama a fata tun kafin aikin, kina tsaye, kina zaune, kina sunkuye. Wurin da ya faɗa cikin ninkin fata ko daidai inda ƙugun tufafi ke zama, shi ne ke sa jaka ta ƙi mannewa ta riƙa zuba.

Mako shidan nan da kike da su kada su tafi a banza. A auna jininki yanzu, domin mai wannan cuta sau da yawa jininta ya yi ƙasa saboda yawan zubar al'ada, kuma nama marar isasshen jini ba ya saurin kamawa. Idan ya yi ƙasa a fara maganin ƙarin jini, idan lokaci ya ƙure akwai wanda ake sawa ta jijiya. Ƙwayoyin ƙarin jini ana dakatar da su kamar mako ɗaya kafin wankin hanji, saboda suna sa bayan gida ya yi baƙi ya yi danƙo. Mai shan taba ko shisha ta daina aƙalla mako 4 kafin ranar, don hayaƙi na rage jinin da ke kai wa ɗinki. Ki riƙa tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum, ki ci abinci mai gina jiki, wannan ba lokacin rage ƙiba da yunwa ba ne. Ki tattara duk abin da kike sha, har na ganye da na ƙarin kuzari, ki kai wa likitan da zai sa ki barci ya gani da idonsa. Magungunan tsinka jini, na ciwon suga, da allurar rage ƙiba ta mako-mako, kowanne na da ranar dakatarwa. Ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, likitoci da yawa kan ce a ajiye ta mako 4 kafin babban aiki saboda daskarewar jini, amma kada ki ajiye da kanki, ki tambaya, kuma a ba ki madadi don kada ciki ya shiga.

Wankin hanji ya danganta da asibiti. Wasu ruwan wanki suke bayarwa a sha, wasu na matsawa ta dubura kawai, wasu kuma su haɗa da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta. Ki bi takardarsu, ba abin da aka yi wa wata ba. Idan na sha ne, kwana 2 ko 3 kafin nan ki koma abinci marar dusa: farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, kifi, kaza. Ki bar wake, gyaɗa, ganye, da duk ɗan itacen da ke da ɓawo ko 'ya'ya. Ruwan wankin, irin su makrogol, lita 2 ne zuwa 4, ɗanɗanonsa gishiri-gishiri mai tayar da zuciya. Ki sanyaya shi sosai, ki sha kofi ɗaya duk bayan minti 10 zuwa 15, da bututun shan lemo da kika tura can bayan harshe. Idan amai ya taso ki dakata rabin awa sannan ki ci gaba a hankali. Ki shafa baselin a dubura tun kafin gudawar ta fara, ba sai wurin ya saɓule ba, ki riƙa wankewa da ruwa kina dannawa da tsumma mai laushi maimakon gogewa. An gama idan abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya kamar fitsari. Kuskuren da aka fi yi a daren nan shi ne barin shan ruwa don tsoron ban ɗaki, sai a wayi gari da ciwon kai da jiri, jijiya ta ɓuya a rasa inda za a sa ƙarin ruwa. Ki ci gaba da shan ruwa da romo tatacce. Ƙa'idar da aka saba ita ce a daina abinci awa 6 kafin aiki, ruwa garau kuma awa 2, sai dai in an gaya miki daban.

Idan kin farka za ki tarar da ƙarin ruwa a hannu, robar fitsari, wataƙila da wata roba a gefen ciki mai fitar da ruwa ja-ja. Ciwon da ke ba mata mamaki shi ne na kafaɗa, musamman ta dama. Iskar da aka hura cikin da ita ce ta taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma a kafaɗa take kai ƙara. Yakan tafi cikin kwana 2 zuwa 3, tafiya da ɗumama wurin na rage shi. Za a tashe ki zaune, har tsaye, a cikin awa 24 na farko, kuma za ki ji kamar mugunta ce. Ki tashi. Ki juya gefe tukuna, ki sauke ƙafafu, ki tura jikinki sama da gwiwar hannu, filo a manne a ciki idan tari ya zo. Tafiyar nan ce ke tayar da hanji daga barci, ta buɗe huhu, ta hana jini daskarewa a ƙafa. Kowace nas da ta shigo za ta tambaye ki ko kin fitar da iska, kada ki ji kunya, ita ce alamar farko cewa hanji ya farka, galibi tsakanin kwana 1 zuwa 3. Taunar cingam na ɗan taimakawa. Idan ciki na ƙara kumbura, ga gyatsa da amai kore, hanjin ne bai tashi ba, ki daina tura abinci ki faɗa. Wadda aka kankare wa kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, wadda aka yanke wa kuma kwana 3 zuwa 7.

Fitsari ma a sa masa ido. Jijiyoyin da ke gaya wa mafitsara ta matse suna bi ta gefen inda aka yi aikin, sukan suma na ɗan lokaci. Sai a cire roba, mace ta ji ba ta jin fitsari, ko ta yi kaɗan sauran ya tsaya. Shi ya sa ake auna abin da ya rage bayan kin yi. Idan ya wuce kamar mililita 100 zuwa 150, akan mayar da robar na wasu kwanaki, ko a koya miki zuƙe shi da kanki da ƙaramar roba. Ga yawanci yana dawowa cikin makonni. Abin gudu shi ne a bar mafitsara ta cika ta miƙe fiye da kima, don haka ki riƙa zuwa duk awa 3 ko da ba ki ji ba.

Yanzu ga wurin da nake so ki karanta sau biyu, ki kuma karanta wa wanda zai zauna da ke. Yoyon ɗinki ba a ranar farko ya fi bayyana ba. Tsakanin kwana na 3 da na 7 ya fi zuwa, wani lokaci har bayan haka, wato daidai lokacin da an sallame ki kowa ya saki jiki. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne kowace rana ta ɗan fi jiya. Ranar da kika ji kin koma baya, abin dubawa ne. Zazzaɓi da ya kai 38, rawar sanyi, bugun zuciya sama da 100 a minti kina kwance, ciwon ciki mai ƙaruwa wanda magani ba ya taɓawa, ciki ya yi tauri, ciwo mai nauyi can cikin dubura, amai da ya ƙi tsayawa, ko mugunya na fita: ko ɗaya daga ciki ya isa ki koma asibitin da aka yi aikin a daren, ba sai gari ya waye ba. Bugun zuciya kan riga zazzaɓi, kuma farasitamol na iya ɓoye zafin jiki, don haka ki tanadi ma'aunin zafi, ki koyi ƙirga bugun a wuyan hannu, safe da yamma na kwana goma. Da kin isa ki ce musu an yi miki ɗinkin hanji rana kaza, kada a ba ki maganin zazzaɓi a sallame ki ba tare da gwajin jini da hoton ciki ba. Iska ko ruwa mai launin bayan gida ta gaba alama ce hanya ta buɗe tsakanin hanji da farji. Ruwa garau mai zuba ta gaba ba tsayawa kuma yana iya zama fitsari ne daga bututun da ya ji rauni. Duka ana gyarawa, amma a gani da wuri. Ɗan baƙin jini a bayan gida na farko da na biyu ba komai, tsohon jini ne daga ɗinki. Jan jini da gudaji mai maimaituwa, tare da jiri, wannan na gaggawa ne. Haka ma ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Idan an ba ki allurar hefarin, mai hana daskarewar jini, ta yi a gida, wasu har kwana 28, ki ƙarasa ta ko da kin ji garau.

Game da maganin ciwo, farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a rana, ƙasa da haka idan nauyinki bai kai kilo 50 ba. Tiramadol da kodin suna ɗaure ciki, a sha iya buƙata. Diklofenak da ibufurofen, waɗanda kika saba da su lokacin al'ada, wasu likitocin hanji ba sa son su a kwanakin farko bayan ɗinki, ki tambaya kafin ki kai baki. Kuma kada a sa komai ta dubura, ko maganin matsi ko na wanki, har sai likitan ya ba da izini, galibi bayan mako 6. Ki faɗa wa duk ma'aikacin da ya zo da irin wannan, don ba kowa ne zai karanta fayil ɗinki ba.

Abinci a gida kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana, mai laushi marar dusa na mako 2 zuwa 4, sannan ki riƙa ƙara abu ɗaya sabo duk kwana biyu don ki gane wanda bai karɓe ki ba. Ruwa kamar lita 2. Kada ki yi yunƙuri a ban ɗaki, ki ɗora ƙafafu kan ƙaramar kujera gwiwa ta fi ƙugu tsawo, ki sunkuya gaba. Idan kwana 3 suka wuce ba bayan gida ki kira su, akwai mai laushin da za su ba ki ta baki.

Abin da ba a cika faɗa wa mata ba shi ne yadda bayan gida ke canja hali idan an yanke ƙasa. Ƙarshen hanji rumbu ne, shi ke riƙe kaya har ki shirya. An rage shi, an taɓa jijiyoyinsa. Sai ki ga kin shiga ban ɗaki sau biyar cikin awa ɗaya, kowane zuwa ɗan kaɗan, kin fito kin wanke hannu kin zauna sai ki sake jin wani. Ko ya matso ki ba shiri, ko ki kasa bambance iska da bayan gida. Wasu kuma akasin haka, ciki ya ɗaure kwanaki. Wannan ba alamar aikin ya lalace ba ne. Watanni uku na farko su ne masu wahala, sauƙi na zuwa a hankali har shekara ɗaya, wasu har biyu. Rubuta abin da kika ci da sau nawa kika fita na taimakawa ƙwarai, haka garin siliyom mai haɗa bayan gida wuri ɗaya, da loferamid mai rage gudawa idan likita ya amince, da atisayen naman ƙugu wurin ƙwararriya. Kofi, yaji, maiƙo da lemo mai gas sukan tsananta shi. Idan kuwa bayan wata biyu ko uku bayan gida na ƙara sirancewa kamar fensir, yana fita da ƙyar, ga kumburi, wataƙila ɗinkin ne ya tsuke, ana buɗa shi ba tare da wani babban aiki ba.

Idan aka sa jaka, babban abokin gaba ƙishirwa ce, saboda an tsallake babban hanji mai tsotse ruwa da gishiri. Abin da ke zuba a rana yakan kai rabin lita zuwa lita ɗaya. Idan ya wuce lita ɗaya da rabi, ya zama ruwa tsululu, fitsari ya ragu ya yi duhu, ki kira asibiti, kuma ruwan gishiri da suga ya fi ruwa zalla amfani a wannan hali. Ki zubar idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, ki yanka bakin mannin daidai girman hanjin don kada ruwan ya ci fata, ki tauna abinci sosai. Majina ta riƙa fita ta dubura duk da jakar, wannan daidai ne.

Kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 4 ko 5 har mako 6, kuma yaro ma kaya ne, ki zauna a ɗora miki shi a cinya. Tuƙi sai kin daina magani mai sa barci kuma kina iya taka birki da ƙarfi ba tare da ciwo ba. Aikin zama mako 4 zuwa 6, na ƙarfi fiye da haka, gajiya kuwa takan kai wata biyu ko uku. Saduwa bayan mako 6, idan an ɗinke farji kuma mako 8 zuwa 12, kuma sai an duba. Maigida ya ji wannan daga bakin likita, ya fi. Al'ada ta farko da ta biyu sukan zo da ciwo da jini fiye da da, saboda wurin ɗanye ne, kada ki yanke hukunci kan aikin sai an yi wata shida. Aikin ba ya hana cutar dawowa ɗari bisa ɗari, don haka idan ba haihuwa kike nema yanzu ba, a tsara maganin da za ki ci gaba da shi, kamar dienojest miligiram 2 kullum ko robar mahaifa mai sinadari. Idan kina nema, ki tambayi watannin da za ki jira, da yawa kan ce kamar uku.

Kafin ki bar asibiti ki karɓi lambar da za ki kira cikin dare, da kwafin rahoton aikin: irin wanda aka yi cikin ukun, tsawon da aka yanke, nisan ɗinkin daga dubura, ko an buɗe farji, ko an bar roba a bututun ƙoda. Sakamakon gwajin naman da aka cire zai fito daga baya, shi ma ki karɓa. Ki ɗauki hotonsu a waya, domin ranar da kika samu ciki, da wannan takardar za a yanke shawarar ko ki haihu da kanki ko a yi miki aiki.